Manhajar haɗa sautin ganga ta kyauta: za ta iya ɗaukar aikin gaske kuwa?

Sadiq_Bit:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya nake tafe da ita ga waɗanda suka riga ni shiga harkar haɗa kiɗa. Tun da na fara, da samfuran sauti nake aiki, wato gajerun sautukan da aka riga aka naɗa, irin waɗanda ake saukewa a intanet jaka-jaka. Abin da ya ishe ni shi ne, kik ɗin (bugun babbar ganga mai “dum”) da na sa a bit ɗina sai in ji shi a waƙar wani, in sake jin sa a tallar wani. An ba ni shawara in gwada Geonkick, wai ita ba ta ɗauke da sautin da aka naɗa, kai ne za ka ƙera gangarka daga tushe, kuma kyauta ce. Na buɗe ta na ga layuka da ɗigo-ɗigo, kaina ya ɗaure. Shin akwai wanda ya taɓa fitar da aikin da aka biya shi kuɗi da irin wannan manhaja? Ko dai ɓata lokaci ne, in koma wa samfurana?

Oga_Miks:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, araha ba ta ado. Mawaƙi yana zaune a bayanka yana jiran bit, kai kana can kana jan layi kana neman kik? Koma wa samfuranka. Wanda ke sauraro bai damu da inda kik ya fito ba.

Zee_Sauti:
Oga, da girmanka, ban yarda ba. Ni da ita nake yin kik da tafi a yawancin ayyukana, kuma ba wanda ya taɓa dawo min da aiki saboda ganga. Ai ba a gaban mawaƙi ake zama ƙera sauti ba. Ranar da babu aiki kake zama ka haɗa naka, ka fitar da su a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, ka adana. Ranar aiki ɗauka kawai za ka yi, kamar kowane samfur, sai dai wannan naka ne kai kaɗai.

MalamLinux:
Kafin a yi nisa, bari in gyara abu ɗaya. Abin da ya bambanta Geonkick da sauran ba rashin biyan kuɗi ba ne kawai. Akwai fulogin (ƙananan manhajojin da ake sakawa a cikin manhajar haɗa kiɗa) da yawa da kamfanoni ke rabawa ba ko sisi, amma a kulle suke, ranar da kamfanin ya ga dama ya daina sabunta su shi ke nan. Ita wannan tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1989. Ma'anarsa an ba ka damar amfani da ita yadda kake so, ka duba rubutun da aka gina ta da shi, ka gyara, ka raba wa wasu. Iurie Nistor ne ya rubuta ta. Ko da ya bar aikin gobe, rubutun yana nan, wani zai iya ɗorawa.

ƙaramin_furodusa:
Malam to ni da ban iya rubuta manhaja ba, me wannan 'yancin zai ƙare ni da shi? 😅

MalamLinux:
Zai ƙare ka da cewa aikin da ka yi bana zai buɗu bayan shekara goma. Kuma ba za ka shiga neman manhajar sata ba, wadda rabinta ƙwayar cuta ce ke biye da ita.

Baba_808:
Ku yaran nan kuna magana kamar ƙera sautin ganga da lantarki sabon abu ne. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar buga ganga TR-808 a 1980, kuma babu sautin ganga ko ɗaya da aka naɗa a cikinta, duk da'irar lantarki ce ke haifar da su. A lokacin an raina ta, saboda a shekarar ne Roger Linn ya fito da LM-1 mai ɗauke da sautin gangar gaske da aka naɗa. Mutane suka ce 808 ba ta yi kama da ganga ba. A 1983 aka daina ƙera ta. Yau fa? Wannan kik mai dogon wutsiya da kuke kira 808 a kowane bit, daga can ya samo suna. Ita TR-909 da ta biyo baya a 1983 ma haɗin gambiza ce, kik da sinaya (ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa) na lantarki, faranti (faifan tagullan da ake bugawa) da hayhat (faranti biyu da ake haɗawa da buɗewa) kuma naɗaɗɗu. Saboda haka samfurin da Oga_Miks ke cewa a koma wa, da yawansu na'urar ƙera sauti ce ta haife su tun farko, wani ya naɗa ya sa a jaka.

Oga_Miks:
Baba na ji, kuma ban musa tarihi ba. Amma injiniyoyi ne suka zauna suka daidaita 808. Yaron da bai san bambancin filta mai tace sauti da kwamfuresa mai danne ƙarfinsa ba, me zai fitar?

Zee_Sauti:
Zai fitar da kik a zama ɗaya in an nuna masa. Sadiq, buɗe manhajar ka bi ni a hankali.

Kik ba komai ba ne illa igiyar sauti guda ɗaya mai santsi, wadda ake kira sain, da take faɗowa daga sama zuwa ƙasa da sauri. Layukan nan da suka ɗaure maka kai guda biyu ne masu muhimmanci. Na farko yana nuna ƙarfin sauti daga farawa zuwa mutuwarsa. Na biyu yana nuna kaifin muryar, wato ko tana sama ko tana ƙasa. Kashe komai ka bar osileta ɗaya, wato abin da ke haifar da igiyar sautin, a kan sain. A layin kaifi, sa ɗigon farko wajen 200 Hz (Hz shi ne ma'aunin kaifin murya, yawan kaɗawa a sakan ɗaya), ka sa ya gangaro zuwa wajen 50 Hz cikin milisakan 40 zuwa 60, daga nan ya miƙe. Wannan faɗowar ita ce “dum” ɗin da kunne ke ji kamar an buga fata. In ka sa ta faɗo a hankali za ka ji “piuu” kamar wasan yara, in ka sa ta yi sauri sosai sai ta zama ɗan “tak” a farkon sautin. A layin ƙarfi kuma, fara daga ƙololuwa nan take, ka bar shi ya sauka ya mutu wajen milisakan 300. Kana son irin na 808 mai jan wutsiya? Ja ɗigon ƙarshe ya wuce sakan ɗaya. Shi ke nan.

Sinaya kuma abu biyu ne aka ɗora: gajeren sauti mai jiki wajen 180 zuwa 200 Hz, da ƙarar “shhh” irin ta rediyon da bai kama tasha ba. Ita ƙarar ce ke kwaikwayon wayoyin da ke ƙarƙashin sinaya ta gaske. Ka tace ƙasanta da filta don kada ta shiga hurumin kik. Geonkick tana ba ka hawa uku a kowane sauti, don haka jiki a hawa ɗaya, ƙara a wani, kowanne da nasa layin.

Sadiq_Bit:
Anti Zee Allah ya saka da alheri! Wallahi ya fito. A hedfon har ƙirjina nake jin sa. Amma da na tura wa abokina ya saurara a waya, ya ce shi bai ji kik ba sam, sai hayhat kawai.

Oga_Miks:
Ka gani ko? 😂

Zee_Sauti:
Oga wannan ba laifin manhaja ba ne, ka fi kowa sani. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da 50 Hz. Sain kuma tsurarta take, ba ta da komai a sama da za a kama. Sadiq, kunna distoshin ɗin da ke cikin manhajar, wato abin da ke ɗan gurɓata sauti, kaɗan-kaɗan. Shi zai haifar da wasu muryoyi a saman ta asalin, ninki-ninkinta, kamar 150 da 250 Hz da sama da haka, waɗanda waya ta fi iya fitarwa. Kunne in ya ji waɗannan sai ya cike gurbin ta ƙasan da kansa. Sannan ƙara ɗan gajeren “tak” a farko, milisakan biyar ya isa.

Oga_Miks:
To a nan na yarda da ke. Ko samfurin da aka saya sai na yi masa hakan in waƙar ta waya ce. Abin da nake cewa dai, samfuri mai kyau an riga an yi masa rabin wannan aikin.

Mai_Sanda:
Ni makaɗi ne, da sanda nake buga ganga tun kafin in san kwamfuta, kuma ina karanta ku ina murmushi. Duk wannan lissafin na Hz ba shi ne ke sa bit ya yi rai ba. Hannun mutum ba ya buga ganga sau biyu iri ɗaya. Wani bugun ya fi ƙarfi, wani ya ɗan makara, wani ya faɗi gefen fata. Ku kuma sai ku jera hayhat goma sha shida duk ƙarfi ɗaya, kamar injin ɗinki. Ko da wace manhaja kuka ƙera sautin, in jerin ya mutu, ya mutu.

Ummi_K:
Gaskiya Mai_Sanda ya faɗa. Shi ya sa ni Hydrogen, manhajar jera bugun ganga, nake amfani da ita. Akwai maɓallan da ke ɗan jirkita ƙarfin bugu da lokacinsa, da na lilo wanda ke sa bit ya ɗan yi rangaji. Kuma kowace ganga za ka iya ɗora mata sauti daban-daban, na bugu mai taushi da na bugu mai ƙarfi.

MalamLinux:
Hajiya Ummi, Hydrogen manhaja ce mai kyau, ita ma GPL ce, Alessandro Cominu ɗan Italiya ne ya fara ta. Sai dai a lura, ita ba ta ƙera sauti. Samfura take bugawa tana jerawa. Tambayar Sadiq a kan ƙerawa ce. Amma ana iya haɗa su: ka ƙera a Geonkick, ka fitar da WAV, ka zuba a Hydrogen ka yi naka kit ɗin, wato tarin gangunanka. In kuma sautin gangar gaske ake nema, mai makirufo da yawa kamar a ɗakin naɗa sauti, DrumGizmo aka yi don wannan.

Ummi_K:
Eh haka nake yi ai Malam. Kik uku nake fitarwa daga saiti ɗaya, ina ɗan rage kaifin farkon a kowanne, sai in raba su bisa ƙarfin bugu. MIDI, tsarin da kayan kiɗa ke aika wa manhaja saƙon bugu da shi, tana ba da matakin ƙarfi har 127, asara ce a bar komai a kan 100.

Mai_Sanda:
Maɓallin jirkitawar nan ban cika yarda da shi ba. Shi kuskure yake watsawa barkatai, makaɗi kuwa da gangan yake makara. In ina son waƙa ta kwanta, sinaya nake ja baya kaɗan a kowane zagaye, ba nan da can ba. Gara ku ja da hannu.

ƙaramin_furodusa:
Don Allah tambaya a gefe. In na yi bit da manhajar GPL, dole ne in ba da waƙar kyauta? Wani ya ce min haka ne.

MalamLinux:
A'a. Lasisin yana kan manhajar ne, ba kan abin da ka samar da ita ba. Kik ɗin da ka ƙera naka ne, ka sayar, ka sa a fim, ka yi abin da kake so. Inda ake shiga matsala shi ne samfuran da wasu suka naɗa. Misali a Freesound, wanda jami'ar Pompeu Fabra ta Barcelona ke kula da shi tun 2005, kowane sauti da nasa lasisin Creative Commons. Mai alamar CC0 ba shi da sharaɗi. Mai BY sai ka ambaci mai shi. Mai NC ba a yarda ka yi kasuwanci da shi ba. Haka ma kit ɗin da ake saukewa don Hydrogen, duba lasisin kowanne kafin ka sa a aikin kuɗi.

Baba_808:
Wannan ma wani dalili ne na ƙera naka. Jakunkunan da ke yawo a guruf-guruf ɗin nan, wa ya san daga inda aka kwaso su?

Oga_Miks:
Baba a kan kik guda ɗaya wa zai kai ka kotu? Mu faɗi gaskiya.

Zee_Sauti:
A kan kik ɗaya da wuya. A kan zagayen kiɗa cikakke da aka yanko daga waƙar wani kuwa, manhajar gano sauti ta YouTube tana iya kama shi, kuɗin tallar ya tafi wani wuri kana kallo.

Habu_FL:
Ni manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake amfani da ita a Windows. Wannan abin naku na 'yan Linux ne kawai ko mu ma za mu samu?

MalamLinux:
A Linux aka fara ta, amma daga baya an fitar da ta Windows. Tana zuwa a nau'in fulogin guda biyu, LV2 da VST3. FL Studio tana karɓar VST3, don haka za ta shiga. Ardour, wata manhajar haɗa kiɗa, tana karɓar duka biyun. Masu manhajar LMMS ne za su ɗan sha wuya, domin sigarta ta 1.2.2 ba ta ɗaukar LV2 ko VST3, sai dai su fitar da WAV su loda. Amma LMMS tana da nata ɗan ƙaramin mai ƙera kik a ciki, Kicker sunansa, kuma ga mai koyo ya ma fi sauƙi saboda maɓallansa kaɗan ne: inda kaifi zai fara, inda zai ƙare, tsawo, da distoshin.

Habu_FL:
Na gode Malam. Na saka ta ta buɗe, amma in na danna kibod ɗina na MIDI sai sautin ya makara kafin ya fito. Ba a iya buga komai a haka.

Zee_Sauti:
Wannan daga saitin katin sauti ne, ba daga fulogin ba. Duba girman bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. In tana kan 1024 kuma kana aiki a gutsure 48,000 a sakan ɗaya, lissafin ya kai milisakan 21 kafin a ƙara na sauran hanya, hannu yana jin wannan. Mayar da ita 256, ya dawo wajen milisakan 5. In kwamfutar ta fara ƙaiƙayi tana “kar-kar”, ka ɗaga zuwa 512. Kuma ka tabbata direban katin sauti na ASIO, mai rage jinkiri, kake amfani da shi. Lokacin miksin kana iya mayar da ita sama, jinkiri ba ya damun kowa a nan.

Habu_FL:
Ya gyaru 🙏 Saura kuma maɓallin da nake dannawa ba shi ke buga abin da nake so ba.

Baba_808:
Akwai tsarin da aka amince da shi tun 1991, General MIDI. Ganga a tasha ta 10 take. Kik lamba 36, sinaya 38, tafi 39, hayhat rufaffe 42, buɗaɗɗe 46. Jera kayanka a kan waɗannan lambobin, duk manhajar da ka kai fayil ɗin za ta gane.

Sadiq_Bit:
Mu dawo kan tawa don Allah 😄 Kik ya zauna, sinaya ba laifi. Hayhat ne ya ƙi. Duk yadda na yi sai ya fito kamar ana fesa turare, babu ƙarfe a cikinsa.

Oga_Miks:
Yawwa, an zo wurin. Kik kowa zai iya. Faranti da hayhat su ne inda ƙerawa ke gazawa. Ka tambayi kanka me ya sa Roland da kansu suka naɗi na gaske a 909.

Baba_808:
Wannan magana taka tana da ƙamshin gaskiya. Amma 808 ta yi nata ba tare da naɗi ba. Osileta shida ta haɗa masu igiya mai kusurwa huɗu, an saita su a muryoyin da ba su jitu da juna ba, sannan aka tace aka bar saman kawai. Rashin jituwar nan shi ke ba da ɗanɗanon ƙarfe. Sadiq, ƙarar “shhh” kaɗai ba za ta ba ka ba. Yi amfani da hawa ukun nan, ka cika su da igiyoyi masu kusurwa, kada ka bari ɗaya ta zama ninkin wata, ka yanke duk abin da ke ƙasa da 6,000 Hz ko wajen haka, sannan ka yayyafa ƙarar a kai. Ba zai zama farantin tagulla ba, amma zai zama hayhat.

Mai_Sanda:
Ba zai zama ba kam. Farantin gaske in ka buge shi muryoyin cikinsa suna ta canzawa har ya mutu. Ni a nan ina bayan Oga.

Zee_Sauti:
Ni ma faranti mai dogon amo ba na ƙera shi, samfuri nake ɗauka. Ba addini ba ne ai. Kik, tafi, tom (gangunan tsakiya) da ƙananan ƙyalƙyali nake ƙerawa, saboda a nan ne riba take. Babbar ribar ma ba a faɗe ta ba tukuna: daidaita kik da muryar waƙa. In waƙar tana kan muryar G, sai in sa wutsiyar kik ta zauna a 49 Hz. In A ce, 55. In F ce, wajen 43.7. Da samfuri in ka ja shi sama ko ƙasa, komai nasa ke tafiya tare, har “tak” ɗin farko da tsawonsa. A nan kuwa wutsiyar kaɗai zan taɓa. Haka tsawo: a bit mai gudun bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne, sai in yanke kik ya mutu kafin bes, sautin ƙasa mai kauri, ya shigo, ba sai na yi ta kokawa da kwamfuresa ba.

Oga_Miks:
Wannan na daidaita murya dai ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ina nan kan bakana game da mai koyo. Ya fara iya jera bit da miksin, wato daidaita sautuka da juna, tukuna.

Ummi_K:
Ni kuma gani nake ƙerawar ce ke koya miksin. Tun da na ga yadda ake gina sinaya, na san inda zan taɓa a EQ, mai ƙara ko rage sassan sauti, in wata ta yi min kauri. Da can juya maɓalli kawai nake yi ina addu'a.

ƙaramin_furodusa:
Tafi fa? Ba wanda ya yi bayanin tafi.

Zee_Sauti:
Ƙarar “shhh” ce ita ma, a tace ta a bar tsakiya, wajen 1,000 zuwa 2,000 Hz. Sirrin yana layin ƙarfi: zana ƙananan tsaunuka uku a jere, tazarar milisakan 10 tsakaninsu, sannan na huɗu mai ɗan dogon wutsiya. Kamar mutane da yawa sun tafa amma hannuwansu ba su sauka tare ba. In ka matse tazarar ya koma sinaya, in ka buɗe ta da yawa ya zama kamar tangarɗa.

Sadiq_Bit:
Baba na gwada naka, ƙarfen ya fito, sai dai yana da wani kuka a sama mai huda kunne. Kuma in na buga buɗaɗɗen hayhat sannan rufaffen, buɗaɗɗen ba ya yin shiru, su biyun suke ta tafiya tare.

Ummi_K:
Na biyun a wajen jerawa ake gyara shi. A Hydrogen akwai inda za ka sa su biyun a rukuni ɗaya, da ɗaya ya buga sai ya kashe ɗayan. FL Studio ma tana da irinsa a saitin kowace tasha. Kukan kuma ina jin biyu daga osiletocinka sun yi kusa da juna sosai, ɗan raba su.

Mai_Sanda:
In ka gama ka turo mu ji. Ni jerin zan saurara, ba Hz ba.

Oga_Miks:
Ka turo har da wanda ka yi da tsofaffin samfuranka, kada ka faɗa mana wanne ne wanne. A nan za a san ko kunne na bambancewa.

Habu_FL:
Kafin nan, akwai wanda ya san ko za a iya fitar da kowace ganga a tasharta daban a cikin FL, ko sai na buɗe fulogin ɗin sau biyar? Kwamfutata ba ta da ƙarfi sosai.